Gumi, Tsatsa da Ƙaramar Bindiga a Amurka



Sharhinmu na yau zai kai mu Amurka ne, a kan wata muhawara da wataƙila za ta zo wa kunnenku baƙuwa. A can, mutum sama da miliyan 20 ne ke riƙe da takardar izinin yawo da ƙaramar bindiga ɓoye cikin tufafi, kuma fiye da rabin jihohin ƙasar 50 sun ma daina neman takardar gaba ɗaya. Daga dokar da jihar Filorida ta yi a 1987 abin ya fara bazuwa, dokar da ta ce duk wanda ya cika sharuɗɗa dole a ba shi izini. Jihar Ilinoi ce ta zo ƙarshe a 2013. A 2022 kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa fita da bindiga waje domin kare kai haƙƙi ne da tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa. Mu a Nijeriya ba haka abin yake ba. Dokar makamai, wadda ta samo asali tun 1959, ta sa fistol da libarba cikin makaman da aka hana mutum mallaka sai da izinin shugaban ƙasa, kuma babu wani abu a maganata ta yau da ke nufin wani ya tashi ya nema. Abin da ya ja ni ga batun shi ne ilimin ƙarfen da ke cikinsa, da kuma yadda yake tona halin masu saye.

Ku ɗauka mutum ya shiga shagon bindigogi a wani gari na jihar Teksas. Ya riga ya zaɓi ƙirar da yake so, ta zauna masa a tafin hannu. Sai mai shago ya jera masa guda huɗu a kan gilashi. Ƙirarsu ɗaya, harsashi ɗaya suke ci, fuskar ƙarfen ce kawai ta bambanta. Ga baƙa mai sheƙi da ɗan shuɗi-shuɗi, ga fara sol mai ɗaukar ido, ga wata baƙa ƙirin marar ƙyalli, ga kuma wadda aka fesa wa launin ƙasa. Yawancin mutane a nan ido ne ke yi musu zaɓi. Ni kuwa abin da nake gani shi ne, wadda ido ya fi so ita ce ta fi saurin ba da kunya, kuma abin da ke kare ƙarfe sau da yawa ido ba ya ganinsa ma.

Kafin a zaɓi garkuwa sai an san abokin gaba. Bindigar da ke kwance a akwatin ƙarfe a gida, ana fito da ita sau biyu ko uku a shekara, kusan kowane irin rufi ya ishe ta. Wadda ake yawo da ita kuwa wata rayuwa take yi dabam. Tun safe ake soke ta a ƙugu, tsakanin wando da jiki, ta wuni a nan awa goma ko fiye. Jikin mutum yana da zafi digiri 37, yana fitar da gumi, gumi kuwa ruwa ne da gishiri. Ƙarfe ba abin da ya tsana kamar haɗuwar waɗannan uku, wato danshi da gishiri da ɗumi. Ruwa da iska su kaɗai suna sa tsatsa, amma a hankali. Gishiri shi ke hanzarta ta, domin sinadarin kulorayid da ke cikinsa yana huda duk wata siririyar fata da ƙarfe ya yi wa kansa don kariya, ya haƙa ɗan rami, ya ci gaba da ci a ciki. Shi ya sa masu gyaran bindiga a jihohi masu zafi da laima, irin su Luwiziyana da Filorida, suka san hoton da idonsu: ɓangaren da ke kallon waje lafiya lau, ɓangaren da ke manne da jiki kuma ya yi ɗigo-ɗigon ja kamar an barbaɗa masa barkono. Wani lokaci ma tambarin babban yatsan mai ita ne zai fito sarai a kan ƙarfen, layi-layi, a daidai inda ya riƙe ta da dare ya ajiye bai goge ba. Kuma gumi suna suka tara. Akwai mutumin da zai yi shekara yana taɓa ƙarfe ba abin da zai same shi, akwai wanda kwana biyu ya isa.

To, bari mu fara da tsohuwar hanya, wadda har yau ita ce ta fi shiga ran masoya bindiga, wato rinin shuɗi. Abin mamaki game da shi, shi kansa tsatsa ne. Ƙarfe yana yin tsatsa iri biyu. Akwai jar da muka sani, mai kumbura tana ɓarewa tana buɗe sabon ƙarfe a ƙarƙashinta. Akwai kuma baƙa, wadda masana ke kira maganatayit, mai lafewa a jikin ƙarfe ta zauna. Maƙeran Turai na da can sukan shafa wa ƙarfen wani ruwa mai tsami, su ajiye shi a wuri mai danshi har ya yi jar tsatsa, sannan su dafa shi a ruwa mai tsabta. Tafasar ce ke juya jar ta koma baƙa. Sai su goge da tattausan burushin waya, su sake shafawa, su sake jira, su sake dafawa, a yi ta maimaitawa kwana da kwanaki har launin ya kama. Masana'antun zamani sun gajarta aikin. Ana wanke ƙarfen tas a cire duk wani maiƙo, a tsoma shi a tukunyar gishirin sinadarai da soda mai cin fata, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, tana tafasa a wajen digiri 140. Kafin rabin awa ya fito baƙi. A ɗauraye, a tsoma a mai.

Kyawun da ake yabo ba daga tukunyar yake zuwa ba, daga hannun mai goge ƙarfen ne kafin a tsoma. Libarbar Colt Python, wadda ta fito a 1955, ta yi suna ne da wani rini da kamfanin ya kira Royal Blue, kuma sirrinsa shi ne ƙwararrun ma'aikata da ke goge ƙarfen mataki-mataki har sai ya zama madubi. Wanda ya taɓa ganin irinta a hasken rana ya san dalilin da ya sa mutane ke zuba kuɗi a kanta. Kamar kana leƙa cikin ruwa mai zurfi. Ba na raina wannan aiki ko kaɗan, sana'a ce ta gaske. Sai dai kaurin wannan rini bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na milimita ba. Silin gashin kai ya ninka shi sau da yawa. Shi kaɗai ba ya tare ruwa, man da ya sha ne ke yin aikin. Ranar da gumi ya wanke man, ƙarfen tsirara yake. Kuma shiga da fita a kube na goge shi, ya fara fari a bakin bututu da kan kusurwoyi. 'Yan sandan Amurka sun yi shekaru aru-aru suna rataye da libarba mai irin wannan rini, gaskiya ne, amma a waje suke rataye ta, a kan ɗamara, iska na bugun ta, kuma gogewa da mai na cikin aikinsu na kullum. Ko kamfanin Colt ɗin, da ya dawo da Python kasuwa a 2020 bayan ya daina yin ta, da farin ƙarfe ya fara dawo da ita.

Sojoji tuni suka gane cewa kyau ba ya cikin buƙatunsu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta koma yi wa bindigoginta, har da fistol ɗin nan M1911A1, wani rufi na sinadarin fosfet da ya ɗauki sunan kamfanin Parker na birnin Ditiroyit. Launinsa toka-toka ne, wani lokaci da ɗan kore, jikinsa da kaushi. Kaushin nan shi ne amfaninsa, domin cike yake da ƙananan ramuka da ke shan mai su riƙe. Ya fi rinin shuɗi juriya, ya fi shi arha da saurin yi. Amma shi ma da mai yake rayuwa. Ya bushe, ya tashi aiki.

Ruwan nikel kuma ba zan daɗe a kansa ba. Tun ƙarni na 19 ake yin sa, lokacin da hayaƙin albarushi ke cin ƙarfe, kuma ya yi amfani a zamaninsa. Matsalarsa ita ce riga ce aka sa wa ƙarfen. Da zarar ta tsage a wuri ɗaya, danshi ya sami ƙofa, sai tsatsa ta riƙa tafiya a ƙarƙashi tana ɗaga rigar tana ɓarewa. Wasu ruwayen wanke bututu masu sinadarin amoniya ma sukan ci jan ƙarfen da ake shimfiɗawa a ƙasan nikel ɗin. Ruwan kurom mai tauri ya fi shi nesa ba kusa ba wajen jure gogayya, kuma har yanzu akwai masu kai bindigarsu a yi mata shi.

Yanzu ga wanda ya fi ruɗin mutane, wato farin ƙarfen da ake ce wa ba ya tsatsa. Asalinsa ma daga bindiga ne. A 1913, wani masanin ƙarfe a birnin Shefild na Ingila, Harry Brearley, yana neman haɗin da zai hana bututun bindiga saurin cinyewa, sai ya lura cewa ƙarfen da ya zuba wa kuromiyam da yawa ba ya kamuwa da tsatsa kamar sauran. Daga nan wuƙaƙe da cokulan duniya suka sauya. Amma sai a 1965 ne kamfanin Smith & Wesson ya fitar da Model 60, libarba ta farko da aka ƙera da wannan ƙarfe gaba ɗaya aka kai kasuwa da yawa, kuma ƙarama ce, irin ta sakawa a ƙugu ko aljihu. Mutane suka yi mata ca.

Yadda yake aiki shi ne, idan kuromiyam ya kai kashi 10.5 cikin 100 na haɗin, yakan haɗu da iskar oksijin ya yi wata siririyar fata a saman ƙarfen, wadda ido ba ya gani. In aka karce ta, sai ta sake yin kanta. Wannan babbar falala ce, domin kariyar tana cikin ƙarfen ne tun daga sama har ƙasa. Kube ya goge shi shekara goma, abin da ke ƙarƙashi shi ne dai abin da ke sama. In ya yi zane, ana iya gogewa ya koma kamar sabo.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙarfen tukunya da cokali yana da kuromiyam wajen kashi 18 da nikel a kai, shi ya sa yake wuni a ruwa ba ya komai, amma ba ya ɗaukar irin taurin da bindiga ke buƙata. Wanda ake ƙera bindiga da shi kuromiyam ɗinsa kashi 12 ne zuwa 13, da kabon a ciki domin a iya ƙona shi ya yi tauri. Wato an rage juriyar tsatsa an sayi ƙarfi. Gishirin gumi kuwa, kamar yadda na faɗa, ya san yadda yake huda wannan fata. Don haka yana tsatsa, jama'a. Ya fi baƙin ƙarfe jinkiri ƙwarai, amma yana yi, musamman wanda aka yi wa feshin yashi don a kashe ƙyallinsa, saboda kaushin na riƙe gumi. Abin da ya fi damuna a nan shi ne sakacin da sunan ke jawowa. Mai bindigar rinin shuɗi ya san tasa mai rauni ce, kullum yana dubawa. Mai farin ƙarfe kuwa an gaya masa ba ta tsatsa, sai ya saki jiki. Ranar da zai kwance marikin, ya cire ɓangarorin roba ko na katako da ke rufe da shi, sai ya tarar da ƙasan ya yi ramuka baƙi-baƙi, gumin wata da watanni ya taru a nan ba iska. Fistol na farko-farko da aka yi da wannan ƙarfe sun kuma sha wata matsala: idan ɓangarori biyu masu haɗi iri ɗaya suna gugar juna, sukan cije su yage juna. Masana'antu sun magance wannan daga baya ta hanyar bambanta haɗi da taurin ɓangarorin.

Babban sauyi ya zo ne daga inda ba a zata ba. A 1982 rundunar sojin Ostiriya ta zaɓi fistol ɗin wani injiniya mai suna Gaston Glock, wanda kafin nan bai taɓa ƙera bindiga ba. Abin da duniya ta yi ta surutu a kai shi ne gangar jikinta ta roba ce. Amma saman nata na ƙarfe, wanda ke ja da baya in an harba, da bututun, an yi musu wani aiki da ake kira Tenifer, wanda masana'antun Jamus suka daɗe suna yi wa kayan injin mota. Ana tsoma ƙarfen a narkakken gishiri mai zafin wajen digiri 580. A wannan zafi, naitirojin da kabon suna kutsawa cikin fatar ƙarfen su zama ɓangarensa. Ba a ɗora masa komai ba, fatarsa ce aka sauya. Sakamakon shi ne sama mai tsananin tauri, da ƙyar zarto ke kama shi, mai kuma jure gishiri fiye da yadda rinin shuɗi zai taɓa yi. Tunda ba riga ba ce, babu abin da zai ɓare. Girman ƙarfen ma kusan bai ƙaru ba, don haka ɓangarori na shiga juna yadda aka auna su.

A nan akwai abin da masu saye da yawa ba su fahimta ba. Baƙin launin da ake gani a saman Glock wani shafi ne dabam da aka yi daga baya. Bayan shekaru a kube zai koɗe, kusurwoyi su yi fari, mai ita ya tsorata ya ce rufin ya tafi. Bai tafi ba. Launi ne ya tafi, taurin da kariyar suna nan cikin ƙarfen. Yau kusan duk manyan kamfanoni suna yin wani nau'i na wannan aiki da sunaye dabam-dabam. Melonite da Tenifer, alal misali, kusan abu ɗaya ne da suna biyu. Sai dai a lura da wata gaɓa: idan farin ƙarfe aka yi wa wannan aiki ba da ƙwarewa ba, naitirojin na iya kama kuromiyam ɗin ya ɗaure shi, juriyar tsatsar ta ragu maimakon ta ƙaru. Kuma zafin digiri 580 ba wasa ba ne. Ba kowace tsohuwar bindiga ce za a kai a yi wa ba, domin zafin na iya taɓa taurin da aka ba ƙarfen tun a masana'anta.

Bayan wannan an sami wasu shafe-shafe na zamani da ake yi a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, a turara wa ƙarfen wani abu mai tauri ya kama shi siriri ƙwarai. Akwai na kabon mai kama da daimon a tauri da santsi, wanda Glock ta koma amfani da irinsa a samfurinta na biyar a 2017. A wannan shekarar ce kuma sojin Amurka suka zaɓi fistol ɗin SIG Sauer, suka ba ta suna M17, ta maye gurbin Beretta M9 da suke riƙe da ita tun 1985. Saman M17 farin ƙarfe ne, aka yi masa irin wannan turare mai launin ƙasa. Ku lura da dabarar, hawa biyu ce: ƙarfe mai juriya a ƙasa, shafi mai tauri a sama. In ɗaya ya gaza, ɗaya na nan.

Sai fenti. Wanda ya fi suna shi ne Cerakote, na wani kamfani a jihar Origon, haɗin roba da garin tangaran. Ana kwance bindigar, a wanke maiƙo, a yi mata feshin yashi don fentin ya sami wurin kamawa, a fesa shi siriri, kimanin kashi 25 cikin dubu na milimita, sannan a gasa a tanda. Wajen tare gishiri yana da kyau sosai, matuƙar bai fashe ba, kuma yana kama alminiyon da roba, abin da rinin shuɗi ba zai iya ba. Amma shi ma riga ne. Kube zai cinye shi a kusurwoyi, kuma inda ya cinye, abin da ke ƙasa shi ne zai fuskanci gumi. In baƙin ƙarfe ne tsirara a ƙasan, to an koma gidan jiya. Ingancinsa kuma ya rataya ne ga hannun mai fesawa. Wanda ya yi gaggawa wajen wanke maiƙo, fentinsa zai tashi. Wanda ya cika hannu, ɓangarori za su matse, bindigar ta riƙa cijewa.

Fentin nan ya zo da wani abu da ba zan iya wucewa ban yi magana a kai ba, wato launuka. Yau a Amurka ana fesa wa bindiga ruwan hoda, da shuɗi mai haske, da zanen 'yan wasan katun. Tun 1988 dokar tarayya ta wajabta a sa wa bindigar wasan yara alamar ruwan lemo a baki, domin a bambanta ta da ta gaske. Yanzu ga ta gaske ana mayar da ita kamar ta wasa. A 2021 wani kamfani a jihar Yuta ya yi wa Glock sutura irin ta tubalan wasan yara, har sai da kamfanin Lego ya rubuta masa ya daina. A wannan shekarar, alƙaluman hukumar lafiya ta ƙasar sun nuna mutum 48,830 ne bindiga ta yi ajalinsu, fiye da rabi kuma su suka kashe kansu. Tun 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota a matsayin abin da ya fi kashe yara da matasa a ƙasar. A gidan da akwai ɗan shekara huɗu, launin bindiga ya wuce maganar ado. Ina ganin duk uban da ya fesa wa makami launin alewa ya yi ganganci da ran 'ya'yansa da na maƙwabta, ko da kuwa doka ta ƙyale shi.

Mu koma ga tsatsa. Duk wannan muhawara a kan fuskar waje ake yin ta, alhali abin da ke hana bindiga aiki yawanci a ciki yake. Sojojin Amurka sun koyi wannan da jininsu a Biyetnam. Bindigar M16 ta farko an kai ta dajin da ruwa ba ya yankewa ba tare da an yi wa ɗakin harsashinta ruwan kurom ba, aka kuma sauya albarushin, aka bar sojoji da tunanin ba ta buƙatar wanki sosai. Ɗakin ya yi tsatsa, kwanso ya riƙa maƙalewa ana tsakiyar faɗa. Sai da majalisar dokoki ta yi bincike a 1967, aka koma yi wa cikin ruwan kurom, aka raba kayan wanki. A ƙaramar bindiga ma haka ne. Saman na iya shan aikin naitirojin, amma sifirin fa? Ƙananan fil-fil da sukurori fa? Gidan harsashi fa, wanda sau da yawa baƙin ƙarfe ne mai rinin shuɗi kawai? 'Yan ƙarafan saiti da ke sama, da maɓallin sakin gidan harsashi da ke manne da fata, su ne kan fara ja. Mutum na alfahari da rufin da ya biya kuɗi a kai, tsatsa kuma na can tana cin sifirin da bai taɓa dubawa ba.

Kube ma yana da hannu. Kowane mahauci ko maharbi a ƙasar Hausa ya san abin da ke samun wuƙar da ta kwana a kuben fata da damina: fata na shan danshi ta riƙe, ta mayar wa ƙarfe. Haka kuben fata ke yi wa bindiga, ya sha gumin wuni ya kwana yana shayar da ita. Na roba mai tauri, wanda ake kira Kydex, ba ya shan ruwa, amma yana gugar wuri ɗaya kullum, kuma in ƙura ta shiga sai ta zama kamar sanfefa. A jihohi masu ƙura da bushewa irin su Arizona da Nebada, wannan gogayya ta fi tsatsa zama matsala, don haka tauri ya fi muhimmanci a can. A bakin teku kuma gishirin iska ne ke gaba.

In aka tambaye ni, ga inda na tsaya. Bindigar da za ta wuni a jikin mutum kullum, a zaɓi wadda kariyarta ke cikin ƙarfen, wato mai aikin naitirojin, ko farin ƙarfe, ko farin ƙarfe da shafi mai tauri a kai. Tsakanin baƙa da fara kuwa, baƙa ta fi ɓoyuwa in riga ta ɗaga, fara kuma ta fi saurin nuna datti da jar tsatsa tun tana ɗigo, kowanne da ribarsa. Fenti na da amfani ga bindigar da rufinta ya riga ya mutu ana so a ceto ta. Kuma mai saye ya yi wa kansa adalci wajen amsa tambayoyi biyu: yaya guminsa yake, kuma da gaske zai riƙa gogewa kowane dare? Domin ko wanne ya zaɓa, aikin dare bai faɗi ba. A cire harsashi, a duba da ido da yatsa a tabbatar babu komai a ciki, a fitar da ita daga kube don kuben ya sha iska, a goge da ƙyalle mai ɗan mai, a kulle ta inda hannun yaro ba zai kai ba. Lokaci-lokaci a kwance mariƙi a duba ƙasansa, a buɗe gidan harsashi a share. Mai kuma kaɗan ake sawa, domin in ya yi yawa yana tara ƙura da zaren tufafi, yana kuma iya shiga harsashi ya kashe shi.

Akwai mutum ɗaya da nake so in ware, wanda ya gaji tsohuwar libarba mai rinin shuɗi daga mahaifinsa, yana tunanin kai ta a fesa mata fenti domin ya riƙa yawo da ita. Shawarata gare shi, kada ya yi. Matakin farko na fentin shi ne feshin yashi, kuma cikin 'yan mintuna zai share gogewar da wani ma'aikaci ya ɓata awoyi yana yi shekara hamsin ko sittin da suka wuce, ya dushe rubutun da ke jikin ƙarfen, ya zubar da darajarta a wajen masu tara tsofaffin bindigogi, waɗanda suka fi son rinin asali ko da ya koɗe a kan sabon shafi. Ba a mayar da wannan in ya tafi. Ya shafa mata mai, ya ajiye ta a akwati mai makulli da ɗan ƙunshin maganin danshi a ciki, ba cikin kuben fata ba, ya riƙa duba ta duk bayan 'yan watanni.